Jinkirin Ameer

Sallama gare ku masu bibiyata, da ku da yau ne kuka fara leƙo shafin nan. Sunana Kauthar, ina aiki a sashen ƙididdiga na wata hukumar gwamnatin tarayya, muna zaune da Abba da Umma a Durumi. Kafin ku cika ni da wa'azi a ƙasan rubutun nan, bari in riga ku faɗa: e, ina buga poker a waya. Amma ku ajiye duwatsunku, don Allah. Ko sisi ba a sakawa, ko sisi ba a ci. Tsabobin bogi ne manhajar take raba wa kowa kyauta, in sun ƙare gobe ta ƙara maka. Da caca ce, wallahi da Umma ta daɗe da daka wayar a turmi.

Lucia ce ta koya mini, 'yar Pankshin da teburinta ke manne da nawa a ofis. Wasan ba wuya. Ana raba wa kowa kati biyu a rufe, a jera wasu a tsakiya, in layi ya zo kanka ka ƙara tsaba, ko ka bi, ko ka zubar da katinka. Ba ka ganin abin da ke hannun kowa. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to a nan fuskar ma babu ita. Abin da kake da shi kawai wani zobe ne kore da ke zagaye hoton wanda ake jira, yana cinyewa a hankali har ya koma ja. Da wannan zoben na yi suna. Na gane wanda ya danna da sauri yana zuba surutu, yawanci burga ce, hannunsa fayau. Lucia kuwa, da ta samu kati mai kyau sai bakinta ya mutu, har cingam take daina tauna. Na cinye ta har ta fara ce mini mayya.

To, a kan teburin wasan nan na cikin waya na zaunar da Ya Ameer.

Ya Ameer ɗan aminin Abba ne, tare muka tashi, katanga ɗaya ta raba gidajenmu kafin mahaifinsa ya rasu su tashi. Shi ya koya mini keke, shi ya raka ni ɗaukar takardar shiga jami'a. Ban san ranar da na fara sonsa ba, na dai wayi gari na same shi a zuciyata ya miƙe ƙafa kamar gidan ubansa. Bara ya ajiye aikin banki, kowa na salati, ya tafi Paikon Kore can bayan Gwagwalada ya buɗe gonar kaji da doya. Da ya taɓa ce mini kaɗaici na damunsa, sai na tura masa gayyata zuwa teburinmu. Tun daga ranar, duk bayan la'asar, lokacin da ofis ya fara watsewa, hotonsa yake bayyana: shi da malafa, yana dariya, haƙorin nan nasa na gefe da ya ɗan hau ɗan'uwansa.

Ku yarda da ni, ba kati nake zuwa kallo ba. Zobensa nake kallo.

Ya Ameer mutum ne mai jinkiri. Wani lokaci zoben zai yi ta cinyewa, ya bar kore, ya yi ja, saura ƙiris a zubar masa da kati, sannan ya bi a hankali. In aka buɗe, sai ka ga ya riƙe manyan kati. Wani lokacin kuma fit, ya danna, ya biyo da dariya da zolaya a wurin hira, a buɗe a tarar ba shi da komai. Na ce a raina, Kauthar, kin gama karanta bawan Allahn nan. In abu na da daraja a wurinsa, yana daɗewa a kai, yana tsoron ya motsa ya kore shi. In ya yi sauri, ƙarya ce.

Daga nan na ɗauki karatun na kai shi WhatsApp, inda ba a aike ni ba. Ranar da na rubuta masa, “Ya Ameer, ba ka kewar gida?” sai da na ga alamar yana rubutu ta zo, ta ɗauke, ta dawo, ta sake ɗaukewa, har shayina ya huce. Sannan kalma ɗaya ta shigo: “Sosai.” Jama'a, wannan “sosai” ɗin ita na ci na sha har mako ya zagayo. Ina guga ina murmushi, ina wanke-wanke ina murmushi, har Umma ta tambaye ni ko an ƙara mana albashi ne.

Bai taɓa ce mini yana sona ba. Ni ce nake tattara jinkirinsa ina ginin bene da shi.

Ana cikin haka Abdulmajeed ya shigo. Abokin Ya Ameer ne tun sakandare, a bikin ƙanwar Ameer ɗin ya gan ni. Ba zan yi masa sharri ba, don Allah na gani. Yaro ne mai kunya da tarbiyya, ɗan Maitama amma ba ya ɗaga hanci, yana zuwa zance da shadda mai ruwan toka wadda ta sha guga, ya durƙusa har ƙasa ya gaida Umma. In ya tura saƙo ba jinkiri, ba kwana-kwana. Komai nasa a buɗe yake. Laifinsa ɗaya, in ya tafi ba na tuna ƙamshin turarensa.

Ranar Laraba da yamma na dawo ofis, ko mayafi ban cire ba, na tarar da Umma a falo ta baje sababbin labulaye masu ruwan zuma a kan kujera, kasko na ta hayaƙin turaren wuta.

“Umma, baƙi za mu yi?”

“Ke za ki yi,” ta ce, ba ta ko ɗago ba. “Kawun Abdulmajeed zai zo ganin Abbanki ranar Asabar. Kama mini bakin nan.”

Na kama labulen.

“Umma, ai ban ce...”

“Ba ki ce e ba, ba ki ce a'a ba, sai murmushi da waya kamar mai aljanu. Kauthar, sa'anninki na kai 'ya'ya makaranta. Yaron nan me ya rasa? Ido ko hanci?”

Abba ne ya fito daga ɗaki da carbi a hannu. Shi ba mai hayaniya ba ne, shi ya sa maganarsa ta fi ta Umma nauyi. Ya zauna, ya cire tabarau.

“Uwata,” haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. “Ni ba zan miki dole ba, kin sani. Amma ba zan bar dattijo ya tako gidana in yi masa wasa da hankali ba. In akwai wanda kike so, ki faɗa mini sunansa kafin Asabar, in ba mutanen nan haƙuri cikin mutunci. In babu, zan amsa musu.”

Sunan yana kan harshena. Amma ta yaya zan ba mahaifina sunan mutumin da bai taɓa cewa uffan ba? In Abba ya kira shi ya ce shi bai san zancen ba fa? Ina zan kai fuskata a gidan nan? Na sunkuyar da kai na ce to, na shige ɗaki.

Na zauna bakin gado da doguwar rigar ofis ɗina, na rubuta na goge, na rubuta na goge. Daga ƙarshe na tura: “Ya Ameer, mutanen abokinka za su zo wurin Abba ranar Asabar.”

Ko wayar ban sauke ba amsa ta faɗo.

“Masha Allah! Kai amma na yi murna! Allah ya sanya alheri, ƙanwata. Kajin biki a wuyana!” Da hoton tafi, da na dariya, har da na kaza.

Wata za ta yi kuka. Ni tsalle na yi. Na rungume filo ina cewa burga ce, wallahi burga ce! Dubi saurin, dubi surutun. Mutumin da kalma ɗaya ke ɗaukarsa har shayi ya huce, yau shi ne da jimla huɗu cikin ƙiftawar ido? Ya ji ciwo ne, yana ɓoyewa.

Washegari na kai wa Lucia labarin da zafinsa, muna cin shinkafa da wake a kantin ofis. Ta saurare ni har na gama, ta goge baki da tishu. Hausar Lucia irin ta Abuja ce, mace da namiji duk ɗaya ne a wurinta.

“Kauthar, kai fa kana da wahala. Abeg, bari na tambaye ka abu ɗaya. Wannan gona nashi, akwai sabis mai kyau?”

“Sabis kuma? Me ya kawo sabis?”

“Anti na yana zama a wannan side. In na kira shi, sai na ce hello sau goma. To in zoben Ameer ya yi ja, ta ina ka san tunani yake, ba network ne yake juyawa ba?”

Cokalin ya tsaya mini a hanya. Oh ni Kauthar. Ni da ake biyana albashi don in tantance alƙaluma, ban taɓa kawo wannan a raina ba ko sau ɗaya. Na yi ƙarfin hali na ce ai sau da yawa in ya yi jinkiri kati mai kyau yake buɗewa.

“Wanda bai buɗe mai kyau ba fa? Ka tuna su?”

Ban tuna ba. Waɗanda suka yi mini daɗi kawai na adana. A ranar, da la'asar ta yi, hoton Ya Ameer bai bayyana a tebur ba, washegari ma haka. Na yi ta kallon kujerarsa babu kowa, kewarsa ta cika mini ƙirji har abinci ya daina wucewa.

Asabar da safe na ce wa Umma zan bi Lucia Gwagwalada in sayo doya da kaji saboda baƙi, tunda sai bayan la'asar za su zo. Umma ta washe baki, ta ɗauka na sauko.

“Yawwa 'yar albarka. Ku wuce gonar Ameer mana, ki ce in ji ni ya zaɓo manya. Kuma kada ki daɗe, mai lalle na zuwa.”

Na sa atamfata mai ruwan ganye wadda Ya Ameer ya taɓa cewa ta yi kama da ta 'yan makarantar Islamiyya, na yafa farin mayafi, na shafa kwalli kawai. Muka shiga motar Lucia. Muka sha cunkoso a Giri, muka wuce Gwagwalada, kwalta ta ƙare, jar ƙasa ta karɓe mu, kunyoyin doya hagu da dama. Ina riƙe da waya ina kallon sandunan sabis suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Kafin mu kai ƙofar gonar babu ko ɗaya. Lucia ta kalle ni ta gefen ido, ta yi mini kara ta ci gaba da tuƙi.

Wani dattijo mai takalmin roba, Baba Thaddeus mai kula da kajin, shi ya tare mu.

“Oga yana kan dutse,” ya ce, yana nuna bayan ɗakunan kaji. “In zai taɓa waya, sai can.”

Lucia ta tsaya zaɓen doya a inda take hango ni, ni kuma na bi wata siririyar hanya da ƙafa ta fitar a cikin ciyawa. Ta yi tsawo fiye da yadda na zata. Rana na dukana, ƙaya na kama mini zani, har na hau wani faffaɗan dutse. A samansa an kafa 'yar rumfar zana, da benci, da buta, da darduma a naɗe. Yana zaune ya ba ni baya, ya rame, wuyansa ya yi baƙi da rana.

“Salamu alaikum, Ya Ameer.”

Ya miƙe a firgice har malafarsa ta faɗi.

“Kauthar? Ke da wa? Lafiya? Su Abba fa?”

“Lafiya lau. Umma ce ta aiko ni karɓar kajin da ka yi alkawari.”

Ya yi dariya, amma ba ta kai idonsa ba. Ya kakkaɓe mini bencin da hannu, shi ya tsaya daga bakin rumfar. Muka gaisa kamar baƙi. Na ga in na biye wa kunya zan koma Durumi yadda na zo, sai na daure.

“Ya Ameer, tambaya gare ni. In muna wasa, me ya sa wani lokaci kake daɗewa har zobenka ya yi ja?”

“Au, wannan? Sabis ne. Ko a nan ɗin sai ya ga dama. Ina dannawa ya yi ta juyawa, wani lokaci sai na ɗaga wayar sama kamar mai roƙon ruwa.”

“Ranar da na tambaye ka ko kana kewar gida fa?”

Ya ɗan yi tunani. “Ina jin ranar hadari ne ya haɗo. In da hadari, saƙo ɗaya sai ya yi ta yawo.”

“Ranar Laraba kuma ka amsa nan take.”

“Ina cikin Gwagwalada, na je sayen maganin kaji.”

Shi ke nan. Benen da na yi wata da watanni ina ginawa ya zube a gabana, hadari da maganin kaji suka rushe shi. Kunya ta rufe ni, na ji da ƙasa za ta tsage da na shige. Idona ya ciko, na juyar da kai don kada ya gani, sai kallona ya sauka kan hanyar da na biyo. Daga sama ana ganinta tar, jan layi a cikin koren ciyawa, daga ɗakin kaji har gindin dutsen. Ba hanyar kwana biyu ba ce. Na dubi rumfar, na dubi bencin da wurin zama ɗaya ya yi santsi.

“Kullum nan kake hawowa?”

“Kusan kullum.”

“A bar aiki, a keto rana, saboda tsabar bogi? Kai da ko sunayen katin ba ka gama riƙewa ba?”

Ya ɗauki malafarsa yana juya ta a hannu. Na jira. Wannan karon ina ganin fuskarsa.

“Ni wasan nan bai taɓa burge ni ba, Kauthar,” ya ce a hankali. “Hotonki nake zuwa gani ya kunna.”

Wayyo Allah. Na daɗe ina jiran magana irin wannan, na zata ranar da na ji ta zan yi shewa. Sai ga shi kuka ne ya zo, mai zafi, har da shessheƙa.

“To me ya hana ka faɗa? Bakinka ciwo yake? Sai yau da aka sa labule, aka kira mai lalle?”

“Dube ni mana.” Ya buɗe hannuwansa, duk kanta. “Ɗakina ko silin babu. Rabin kajina sun mutu da zafin bana. In ɗauko 'yar Abba daga ofis mai sanyi in kawo ta nan? Na ce bari in tsaya da ƙafata tukuna.”

“Ka tambaye ni? Ni na ce maka silin nake aure?”

Ya runtse ido. “Ba shi ke nan ba. Kafin Abdulmajeed ya fara zuwa gidanku, nan ya zo, kan bencin nan ya zauna. Ya ce, Ameer, tsakaninka da Allah, akwai wani abu tsakaninka da yarinyar nan? In akwai, na haƙura tun yanzu. Na dube shi na ce ƙanwata ce. Ni na ba shi lambarki.”

Ban san lokacin da na miƙe ba. Maganganu sun cushe mini, ban san wadda zan fara jifansa da ita ba. A daidai nan wayata ta ɗauki ƙara a cikin jaka. Na ciro. Abba.

Na share hawaye da bakin mayafi, na gyara murya.

“Salamu alaikum, Abba.”

“Uwata, tun ɗazu nake nemanki ba ta shiga. Baƙin nan sun yi sammako, kawun nasa zai wuce Kaduna yau. Suna falo, na fito waje ne in ji daga bakinki. Me zan ce musu?”

Na dubi Ya Ameer. Ya ji komai, don wayata ba ta da sirri. Ban tsaya karanta komai ba, na gaji da karatu. Na tura duk tsabobin da nake da su.

“Abba, ka yi haƙuri, ka ba su haƙuri. Akwai wani.”

Na ji Abba ya sauke numfashi.

“To. Alhamdulillahi da kika faɗa. Wane ne? Ɗan gidan wa?”

Na buɗe baki. Ya Ameer ya matso taku ɗaya, idanunsa jajur, ya haɗa tafukansa biyu a ƙirji kamar mai neman gafara. Muryarsa can ƙasa, don kada Abba ya ji.

“Don girman Allah, Kauthar, kada ki faɗi sunana. Jiya da bakina na amsa wa Abdulmajeed. Ni ne babban abokin ango.”

Iska ta kaɗa zanar rumfar. Can ƙasa Lucia na ɗago mini wata ƙatuwar doya tana tambaya da hannu ko ta yi.

“Uwata?” in ji Abba. “Ina jin ki. Mutane na jirana a ciki.”